Gargaɗi ga iyayen Kaduna kan masu tallar koyon tuƙin jirgi mai saukar ungulu

Jama'a, assalamu alaikum. Akwai wata talla da ke yawo a WhatsApp da Facebook, ta shiga Rigasa da Tudun Wada da Kawo. Hoton wani matashi ne cikin farar riga mai igiyoyi a kafaɗa, yana tsaye gaban helikwafta, an rubuta cewa za a kai ɗanka Afirka ta Kudu ya zama matuƙi cikin wata shida a kan 'yan miliyoyin naira, kuma aiki na jiransa a kamfanin mai. Damfara ce, don Allah kada kowa ya tura ko kwabo.

Na ga abin da suka yi wa wata maƙwabciyarmu, bazawara mai 'ya'ya. An fara da kuɗin fom, aka zo na biza, sannan na "riƙe gurbi". Duk sanda ta nemi ta yi shawara da ƙannen mijinta, sai mutumin ya bugo waya: "Hajiya, ki hanzarta, gurbi biyu kaɗai ya rage." Ta sayar da sarƙarta ta gwal. Takardar shiga makarantar da ya turo mata har da hatimi, amma asusun da ta riƙa zuba kuɗi na mutum ɗaya ne, ba na makaranta ba. Yanzu layinsa a kashe yake, ɗan nata kuwa ya daina fita majalisa saboda kunya. Abin ya taɓa mini zuciya matuƙa.

Farashin kansa ya isa ya tona musu asiri. Koyon tuƙin jirgi da awa ake biyansa, awa nawa ka tashi sama, kuɗi nawa. A ƙa'idar hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, lasisin tuƙin helikwafta na haya yana buƙatar awa 150 a sama, ko 100 idan cikakken kwas ne a makarantar da aka amince da ita. Ko a ƙaramin jirgin koyo mai kujera biyu irin Robinson R22, awa ɗaya ɗaruruwan daloli ce a Amurka, ga mai, ga malami, ga gyara. Ka ninka da kanka, za ka ga maganar dubban daloli masu yawa ake yi, ban da masauki da abinci. Araha dai ba ta ado.

Sai batun lafiya, wanda ko ambatonsa ba sa yi. Kafin a kashe kuɗi, likitan da hukuma ta amince da shi ne zai duba ido da kunne da zuciya, ya ba da shaidar lafiya aji na ɗaya. Wanda bai wuce nan ba, babu aikin tuƙi gare shi.

Alkawarin aikin ne ya fi ƙona mini rai, domin da shi suke kama talaka. Gaskiya ne kamfanoni irin Bristow da Caverton suna jigilar ma'aikatan mai zuwa rijiyoyin cikin teku daga Legas da Fatakwal, amma da manyan jirage masu inji biyu suke aikin. Sabon matuƙi sai ya ƙaro horon tuƙi da na'ura lokacin da ba a ganin gaba, da horo na musamman kan irin jirgin da zai hau, kowanne da kuɗinsa, sannan ya fara a matsayin mataimaki idan ya samu gurbi. Lasisin waje ma sai hukumar kula da jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta tantance shi kafin ya yi aiki a Najeriya. Babu dillalin da ke da ikon yi wa wani alkawarin kujera.

Mu a Kaduna muna da wurin tambaya kusa. Kwalejin koyon tuƙin jiragen sama tana nan Palladan a Zariya tun 1964. Ku shiga mota a tashar Kawo, ku je da takardar da aka turo muku, ku nuna wa waɗanda sana'arsu ke nan.

Wanda kuma ya riga ya tura kuɗi, ya je bankinsa yau ɗin nan da rasit, ya adana saƙonni da lambar asusun, ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko ofishin EFCC na Kaduna.