Sharhi a kan injin maganaɗisu mai cire ragowar kaifi daga ƙananan kayan ƙarfe

Duk ƙarfen da aka huda, ko aka sassaƙa, ko aka yanka da inji, yakan fito da wani siririn kaifi a bakin rami ko a gefensa. A babban ƙarfe magagari ya isa ya share shi, amma a kayan da ba su wuce ƙwayar wake ba, irin waɗanda ake sakawa cikin bawul, agogo ko kayan tiyata, aikin hannu yana cin lokaci, kuma da wuya guda biyu su fito iri ɗaya. Wannan kaifi ba abin rainawa ba ne, domin idan ya ɓalle a cikin bawul yana iya toshe hanyar mai ko ya yanka robar da ke hana yoyo.

Injin da nake amfani da shi a wannan aiki ba shi da sarƙaƙiya. Akwai faifai mai ɗauke da maganaɗisu da ke juyawa a ƙarƙashin wani kwanon roba, a cikin kwanon kuma ana zuba ruwa, da sabulun goge ƙarfe, da dubban ƙananan allurai marasa tsini. Da zarar faifan ya fara juyawa sai alluran su tashi suna ta bugun kayan ta kowace fuska. Waɗanda na fi amfani da su kaurinsu milimita 0.5 ne, tsawonsu milimita 5, ko da yake ana samun masu sirantaka har milimita 0.2. Yawancin ayyuka sukan kammala cikin minti 10 zuwa 20.

Abin da ya sa nake yaba masa shi ne inda alluran ke kaiwa. Wurin da ramuka biyu suka haɗu a cikin ƙarfe, inda yatsa ba ya shiga balle magagari, nan ne ya fi nuna gwaninta, haka ma tsakanin haƙoran sukuru. Na duba wani ɗan bututun tagulla da madubi mai ƙara girma bayan an wanke shi, na ga bakin ramin ciki ya yi sumul, gefen bai zagaye fiye da kima ba, kuma awon bai sauya yadda ma'aunina zai iya gani ba. Ga wanda zanen aikinsa ya ƙayyade yanayin gefe bisa ISO 13715, ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta nuna gefen kaya a zane, wannan babban al'amari ne, domin wani injin cire kaifi, wanda ke girgiza kaya tare da duwatsun tangaran, yakan ci kusurwa tun kafin ya taɓa cikin rami.

Sai dai wajibi ne mai saye ya san iyakarsa. Injin yana aiki sosai da alminiyam, tagulla, titaniyam da ƙarfe marar tsatsa samfurin 304 ko 316, saboda maganaɗisu ba ya jan su da ƙarfi. Baƙin ƙarfe kuwa yakan manne a gindin kwanon ya ƙi motsi, alluran su lulluɓe shi. Haka kuma alluran ba yanka suke yi ba, bugu suke yi, saboda haka kaifi mai kauri yakan kwanta ne kawai maimakon ya fita, kuma kwantaccen kaifi ya fi tsayayye haɗari tunda ido ba ya saurin ganinsa.

Abin da ya fi damuna shi ne raba alluran da kayan bayan an gama. Idan kaurin allura ya yi kusa da faɗin rami, takan maƙale a ciki, don haka dole a zaɓi girmanta da lura, a kuma duba kowane rami ɗaya bayan ɗaya. Ina ba masu ƙera ƙananan kayan tagulla da alminiyam masu ramuka da yawa shawarar su mallaki wannan inji, masu aikin baƙin ƙarfe kuma su nemi injin buroshi ko wanda ke ƙone kaifi da iskar gas.