Taya 380x150-5 ko 6.00-6: wacce ta dace da filin ciyawa na wajen Epe?

Injiniya, barka da ƙoƙari. Na ga tambayarka tun daren jiya, amma ina bakin aiki a Ikeja, sai yanzu na samu zama. Ka ce kana harhaɗa ƙaramin jirgin sama RV-7A mai kujera biyu a garejinka a Agege, ya zo da taya 5.00-5, kuma inda kake son ka riƙa sauka filin ciyawa ne a gonar abokinka ta wajen Epe. Kana tambaya ko ka ɗora 380x150-5 a kan rim ɗin da kake da shi, ko ka sauya komai ka koma 6.00-6. Ni dai 380 zan ce ka saya, ga dalilina.

Mu fara da awo. Tayar da kake da ita tsayinta kusan inci 14 ne, faɗinta inci 5. Ita 380x150-5 sunanta ma ya faɗi girmanta: milimita 380 a tsayi, 150 a faɗi, wato inci 15 da inci 6, shi ya sa wasu ke rubuta ta 15x6.00-5. Ita kuma 6.00-6 tana kai inci 17 da rabi a tsayi, faɗinta ya ɗan haura inci 6. Ka ga ke nan a faɗi kusan kai ɗaya suke, a tsayi ne 6.00-6 ta yi mata nisa. Tsayi shi ke sa taya ta haye rami ko tudu ba tare da ta cije ba. Faɗi kuwa shi ke hana ta nutsewa. Ƙasar wajen Epe yashi ne da damshi, daga Afrilu zuwa Yuli ruwa ba ya barinta ta sha iska, ya ɗan lafa a Agusta ya dawo a Satumba. Abin da zai fi damunka a can nutsewa ne, kuma a nan 380 ta ba ka mafi yawan abin da 6.00-6 za ta ba ka.

Wajen aiki da kuɗi babu haɗi. 380 tana hawa rim ɗinka na inci 5, birkinka yana nan, boris ɗinka yana nan. Akwai ma tub ɗin da aka rubuta wa lambobin biyu, 5.00-5 da 380x150-5, a jiki. Abin da za ka yi shi ne ka buɗe bakin murfin taya ya ƙara faɗi, ka kuma duba ko gefen tayar ba ya gogar birki. 6.00-6 kuwa sai sabon rim, sabon faifan birki da abin da ke matse shi, sabon murfi. Sannan aksil ɗin RV-7A, wato sandar da rim ke juyawa a kai, kaurinsa inci 1.25 ne, a jikin ƙafar jirgin yake, ƙarfe ɗaya aka lanƙwasa, alhali yawancin rim na inci 6 an yi su ne don aksil mai inci 1.5. Sai ka nemo wanda aka ƙera musamman don 1.25, duk da dala, duk daga waje. Nauyi zai ƙaru, gudu zai ragu, kuma dole ka sake ɗora jirgin a sikeli ka lissafa inda nauyinsa ya taru.

Amma ko da kuɗin na nan a ajiye, akwai abin da ya fi tsaya mini a rai, kuma shi nake so ka tsaya ka duba da kyau. Jirginka mai tayar hanci ne. Idan ka sa 380, bayan jirgin zai ɗaga da rabin inci kawai. Idan ka sa 6.00-6 zai ɗaga da kusan inci 2, tayar hanci kuwa tana nan yadda take, 'yar ƙaramar 11x4.00-5. Jirgin zai zauna da hanci a sunkuye, farfela ta ƙara kusantar ƙasa, kuma idan ka sauka hanci zai fi saurin taɓa ciyawa. To a irin wannan jirgi, hancin nan shi ne wurin rauni. Ƙafarsa siririn ƙarfe ne mai lanƙwasuwa, kuma akwai noti a ƙasan cokalin da ke riƙe tayar. In tayar ta faɗa rami ko ta nutse, notin ya caki ƙasa, ƙafar ta lanƙwashe baya, jirgi ya yi adungure ya kwanta a bayansa. Abin ya faru sau da yawa a filayen ciyawa, har kamfanin Van's mai ƙera kayan jirgin ya fitar da sanarwa a 2007 cewa a sauya cokalin da wanda ke ɗaga notin daga ƙasa. Duba naka ka tabbatar sabon samfurin ne, musamman in kayan da ka saya sun daɗe a ajiye a hannun wani. Wanda ya taɓa ganin jirgin Air Beetle na sojan sama a Kaduna ya san wannan ƙafa, don a kan RV-6A aka gina shi, yayan jirginka.

Da a ce RV-7 ne mai tayar wutsiya, da na sassauta. A can dogayen tayoyin gaba ɗaga hanci suke yi, farfela ta ƙara nisa da ciyawa, fiffike ya samu kusurwar da ke taimaka masa tashi da wuri. A irin wannan 6.00-6 ta ci kuɗinta.

Birki ma yana da magana. Duk lokacin da taya ta ƙara tsayi, birki ɗaya yana rage kamu. Da 380 ragin bai wuce kashi 7 cikin 100 ba, ƙafarka ba za ta ji ba. Da 6.00-6 ya kai kashi 20, shi ya sa ba a barin tsohon birki a kanta. Kuma ka tuna tayar hancinka ba ta da sitiyari, da birkin dama da na hagu kake juya jirgin a ƙasa.

Iska kuma, 380 da 6.00-6 dukansu biyu masu tub ne, jarabarsu ɗaya. Mutum ya ji an ce rage iska yana hana nutsewa, sai ya rage har ta yi laushi. Ya taka birki, tayar ta zame a kan rim ta ja tub, wuyan bawul ya tsinke nan take. Na taɓa cire irin wannan tub da hannuna: robar lafiya lau ko'ina, sai wurin bawul da ya yage kamar an sa haƙori. Ka ja layin fenti ja daga gefen taya zuwa rim, kafin kowane tashi ka duba ko layin ya rabu. Kada kuma ka kai rim ɗin wurin mai faci na bakin titi. Gida biyu ne aka haɗa da kusoshi, in aka kwance su da iska a ciki zai iya kashe mutum.

Na san wani zai ce a tafi manyan tayoyin daji na Alaska, masu inci 26 ko 29 ko 31. Su ba su da tub, ana tafiya da su da iska kaɗan, kuma na jirage irin su Kitfox da Super Cub ne. Robarsu laushi gare ta, kwalta na cinye ta da wuri. Ba na jirginka ba ne.

Murfin taya kuwa, da damina cire shi zan yi gaba ɗaya, ko da zan rasa ɗan gudu. Ciyawa da laka suna cushewa a ciki su daskare. Da rani busasshiyar ciyawa ce ke naɗewa kusa da faifan birki mai zafi, ga man birki a gefe. Bayan kowace sauka a jiƙaƙƙen fili ka wanke, ka duba boris, don damshin Legas ba ya raga wa ƙarfe. Kowace ka zaɓa, ka rubuta sauyin a littafin jirgin, ka kuma tuntuɓi NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, a kan takardun da suke buƙata.

Sai filin kansa. Kuɗin da za ka zuba a rim da birki na 6.00-6, in ka kashe shi a kan marmara da abin daddaɓe ƙasa da magudanar ruwa a gefe, ya fi maka amfani. Sawun shanu da ya bushe, ramin gafiya da surin gara da ciyawa ta rufe, kowanne ya isa ya kama tayar hanci mai inci 11. Ka tambayi abokinka ko shanu na ratsa wurin. Ranar Asabar ba ni da aiki. In an yi ruwa daren Juma'a ma ya fi, ka biyo ta Ikeja ka ɗauke ni mu je mu taka filin da ƙafa daga wannan kai zuwa wancan, mu ga inda diddige ke nutsewa. Ka taho da tef da hoton cokalin hancin.