Sharhi a Kan Ƙaramin Injin Sassaƙar Ƙarfe da Nake Aiki da Shi a Gida

Ƙaramin injin milin da ake kafawa a kan tebur, irin wanda ake ƙerawa a ƙasar Sin kuma 'yan kasuwa daban-daban ke sayarwa da fenti da sunaye mabambanta, ya daɗe yana aiki a ɗakin da na keɓe wa gyare-gyare a gidana nan Jos, har na kai ga zan iya faɗin ra'ayina a kansa da natsuwa. Ga wanda bai san shi ba, aikinsa sassaƙar ƙarfe ne. Ana ɗaure ƙarfen a kan teburinsa, wuƙa mai haƙora tana juyawa daga sama, mai aiki kuma yana murza hannayen injin guda biyu domin tura teburin dama da hagu ko gaba da baya, har a sami shafaffiyar fuska, ko kwarmi, ko rami a daidai inda awo ya nuna. Ya sha bamban da injin da ke jujjuya ƙarfen da kansa, wanda aka fi gani a shagunan Dilimi, domin wancan abu mai zagaye yake fitarwa, wannan kuwa mai kusurwa.

Nawa nauyinsa kimanin kilo 50 ne, motonsa na wat 350, kuma ya zo da matakan gudu biyu, na ƙasa yana kaiwa juyi 1,100 a minti ɗaya, na sama kuma 2,500. Teburinsa yana tafiyar kusan milimita 220 dama da hagu, da milimita 100 gaba da baya. Takardar da ta zo da shi ta ce yana huda ramin milimita 13, yana kuma ɗaukar wuƙa mai kaurin milimita 16. A cikin waɗannan alƙaluma duka, wanda ya fi cancanta mai saye ya tsaya a kansa shi ne nauyi. Injin Bridgeport, wanda aka fara ƙerawa a Amurka a 1938 kuma har yau shi ne abin kwatance a wannan sana'a, nauyinsa ya kusa tan ɗaya, kuma wannan tarin ƙarfen zubi shi ke shanye girgizar da yanka ke haifarwa. Inji mai kilo 50 ba shi da inda zai kai wannan girgiza, saboda haka tana komawa kan wuƙa da kan aikin, kuma kusan duk wata gazawa da na gani a tare da shi daga nan ta samo asali.

Ranar da aka buɗe akwatinsa, a lulluɓe yake da wani jan giris mai kauri da ake shafawa domin kada tsatsa ta kama shi a cikin jirgin ruwa. Wannan ba man aiki ba ne, dole a wanke shi tas da kananzir. Da na kwance teburin domin wankewar, sai na tarar da ragowar yashin zubi da ɓarɓashin ƙarfe a lungunan da ido ba ya kaiwa, abin da zai ci fuskokin da ke zamewa a kan juna cikin ɗan lokaci da an bar shi. Akwai kuma wasu siraran ƙarafa da ke kwance tsakanin teburin da hanyarsa, waɗanda ake matsewa da ƙananan sukurori domin kawar da sako-sako. Nawa sun zo da kaushi, sai da na goga su a kan takardar yashi mai laushi da na shimfiɗa bisa gilashi kafin teburin ya soma tafiya sumul ba tare da rawa ba. Ina ganin adalci ne a gaya wa duk mai niyyar saye cewa abin da zai karɓa inji ne da masana'anta ta kai shi wani mataki ta tsaya, ragowar aikin kuma na mai shi ne. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma ban ɗauki wannan a matsayin zamba ba, tunda farashinsa bai kai ko kusa da na injin da aka gama shi tsaf ba.

Abin da ya fi cin lokacina shi ne ginshiƙin da ke ɗauke da kan injin, wato ɓangaren sama da ke riƙe da moto da wuƙa. An yi shi ne yadda zai iya karkata zuwa digiri 45 ta kowane gefe, kuma babban noti guda ɗaya ne a baya ke riƙe da shi. A takarda wannan gwaninta ce, amma a aiki rauni ne, domin duk ƙarfin yanka a kan wannan mahaɗa yake sauka, kuma da zarar wuƙa ta ɗan cije sai ginshiƙin ya goce kaɗan ba tare da mutum ya lura ba. Alamar gocewar tana fitowa ne a kan aikin: fuskar da ya kamata ta zama shafaffiya sai ta fito da ƙananan matakala tsakanin yanka da yanka. Gyaransa shi ne a ɗaura agogon awo, wato ma'auni mai allura da ke nuna ɗan bambancin tsayi, a bakin injin inda ake ɗaura wuƙa, a juya shi da hannu yana taɓa teburin dama da hagu, ana ɗan bubbuga ginshiƙin da gudumar roba har allurar ta nuna lamba ɗaya a ɓangarorin biyu, sannan a ɗaure notin a sake aunawa, saboda ɗaurewar kanta tana motsa shi. Daga baya na ɗaura masa faranti mai kauri a baya, na haɗa shi da gindin injin, kuma bambancin da na gani a tsabtar yanka ya fi na duk wani gyara da na yi masa. Wanda zai saya yanzu ya nemi samfurin da ginshiƙinsa a kafe yake, domin aikin da ke buƙatar karkata ana iya yinsa ta hanyar karkata abin da ake yankawa a cikin mamatsi, wato ƙarfen da ke matse aiki a kan tebur.

Sai kuma maganar giyoyin roba da ke cikin kansa. Waɗannan su ke sauya gudu daga mataki na ƙasa zuwa na sama, kuma duk wanda ya yi aiki da irin wannan inji ya san suna karyewa idan wuƙa ta maƙale farat ɗaya. Nawa sun zubar da haƙora a lokacin da nake shafe fuskar wani ƙarfen zubi mai tauri a jikinsa. Sauya su ba ƙaramin aiki ba ne, domin sai an sauke kan injin, an cire moto, an zaro sandar da ke juyawa daga cikin borisanta. Na kai kan wurin wani dattijo a Bukuru, wanda ya koyi aikin ƙarfe a ɗakunan gyaran kamfanonin haƙar kuza tun yana saurayi, na ce masa, "Baba, ina so mu sa na ƙarfe mu huta." Ya jujjuya karyayyiyar giyar a hannunsa, ya ce, "Ɗana, idan wannan ba ta karye ba, wani abu ne da ya fi ta tsada zai karye." Maganarsa daidai ce, domin robar tana kare moton da allon lantarkinsa, kuma giyar ƙarfe tana ƙara ƙara. Hanyar da muka bi ita ce cire giyoyin gaba ɗaya a mayar da injin mai amfani da bel. Shi ya fiƙe mini fuli guda biyu na alminiyam a injinsa, ni kuma na yanka farantin da moton zai zauna a kai. Yanzu idan wuƙa ta cije bel ne ke zamewa, babu abin da ke karyewa, kuma injin ya yi shiru har ina iya jin sautin yankan kansa, wanda shi ne ke gaya wa mai aiki ko ya yi sauri ko ya yi nawa. Tunda an riga an buɗe, na sauya borisan, waɗanda lambarsu 6206 ce, mai ramin milimita 30 da faɗin milimita 62, kuma ba su da wahalar samu a wurin masu sayar da kayan gyaran mota.

Kan injin yana da wata ɗabi'a ta faɗowa ƙasa da kansa, saboda sifirin ɗin da aka sa ya tallafe shi ba ya ɗaukar nauyin daidai a kowane tsayi, kuma akwai rata a haƙoran da ke sauke shi. Sandar iska irin wadda ke riƙe ƙofar bayan mota ta magance mini wannan, amma ko da ita wajibi ne a kulle kan kafin kowane yanka.

Bakin nawa na tsarin Morse ne mai lamba 3, wato rami mai tsukewa a hankali da mariƙin wuƙa ke shiga ya kama, tsarin da Stephen Morse ya ƙirƙiro a Amurka a shekarun 1860. Yana riƙe wuƙa da kyau, sai dai yana cijewa, kuma ba ya sakin ta sai an bugi sandar da ke jan ta daga sama, bugun da borisai ke ɗauka. Tsarin R8 na Bridgeport ya fi sauƙin saki, amma a garinmu kayan Morse sun fi samuwa domin su ne ke kan injinan huda. Abin da ba zan yi sassauci a kansa ba shi ne sa wuƙar milin a bakin dirila. An yi bakin dirila ne domin ƙarfin da ke danna ƙasa, yankan gefe kuwa yana kwance shi, kuma wuƙa mai juyawa idan ta kuɓuce hatsari ce ga fuska da ido. Kolet ake saya, wato mariƙi mai tsagu da ke matse wuƙa ta kowane gefe, tare da tabarau na kariya.

A wajen wuta, injin yana da daɗi da wahala lokaci guda. Daɗin shi ne wat 350 ba wani nauyi ba ne, ƙaramar inbata mai batir da sola tana ɗaukarsa, alhali manyan injina yawanci wuta mai layi uku suke buƙata. Wahalar kuwa ita ce allon lantarkin da ke sarrafa gudun moton ba ya jure hawa da saukar wuta, kuma ƙananan janaretoci sun fi komai yi masa illa. Ni ta sitabilaiza nake ba shi wuta, ina mayar da maɓallin gudu sifiri kafin kunnawa, kuma ina duba gawayin moton lokaci zuwa lokaci. Mai yin oda daga waje ya tabbatar ya zaɓi na bolt 230, domin wanda aka yi wa kasuwar Amurka na bolt 110 zuwa 120 ne.

Yanayin Jos shi ma yana da nasa hukunci a kan injin. A lokacin hunturu ƙura tana sauka a kan man da ke hanyoyin teburin, haɗuwarsu kuma tana cin ƙarfe a hankali, don haka nake goge tsohon mai in zuba sabo kafin aiki, in lulluɓe injin bayan an gama, kuma ba na wasa wuƙa da garanda a kusa da shi. Da damina, musamman a Yuli da Agusta, laima ce abokiyar gaba, domin teburin da aka bari ba mai yana iya wayar gari da jan tsatsa.

Duk da abin da na lissafa, injin ya yi mini ayyukan da a da sai na yi yawo kafin in sami mai yi. Na yanka kwarmin da ke riƙe fuli a kan shaf na injin markaɗe, na shafe fuskar murfin famfon ban ruwa na wani maƙwabcina da ke noman rani a bakin ɗaya daga cikin tafkunan da haƙar kuza ta bari, na kuma ƙera wa keken ɗinki wani ɗan ƙarfe da aka daina samu a kasuwa. A kan alminiyam da tagulla yana aiki cikin walwala, kuma ɗigon kananzir yana hana alminiyam manne wa wuƙa. A kan baƙin ƙarfe sai da haƙuri, ana ɗebe rabin milimita ko ƙasa da haka a kowane wucewa. Wuƙar ƙarfe ta gama-gari tana son gudun kusan mita 30 a minti ɗaya a kan baƙin ƙarfe mai laushi, wanda ga wuƙar milimita 10 ya kama juyi 950 ko kusa da haka, kuma wuce wannan yana ƙona bakinta. Dole ne kuma a tura aikin ta yadda zai fuskanci juyawar haƙoran, domin idan aka bi bayansu, ratar da ke cikin dogon sukurun teburin tana ba wuƙa damar fizgar aikin. Kowane layi a kan hannun murzawa kashi 2 cikin 100 ne na milimita, kuma idan an kulle ɓangaren da ba ya tafiya, an kuma riƙa tunkarar awo daga gefe guda kullum, ina samun aiki da bai kauce da fiye da kashi 5 cikin 100 na milimita ba, wanda ya wadatar ga irin gyaran da ake kawo mini.

Ba zan ba mai shagon da ke son ciyar da iyali da yankan manyan ƙarafa shawarar sayensa ba, domin jinkirinsa zai cinye ribar, kuma gara ya nemi tsohon babban inji ko da sai an yi masa gyara. Amma ɗalibin fasaha, ko makanikin da ke son ƙera ƙananan sassa da kansa, ko ma'aikacin da ke sha'awar aikin hannu bayan an tashi ofis, zai amfana da shi sosai, kuma ina ba shi shawarar ya nemi sabon samfurin da ke zuwa da bel da moto marar gawayi mai wat 500. Ya kuma sani cewa kuɗin injin kusan rabin abin da zai kashe ne, domin mamatsi mai kyau, da kolet, da wuƙaƙe, da agogon awo, da ma'aunin kalifa, da ƙarafan ɗaure aiki a tebur duk daban ake sayensu. Wanda ya ɗauki mai giyar roba kuwa ya haɗa da giyoyi na ajiya da fis da gawayin moto a cikin oda ɗaya, domin ban taɓa cin karo da giyoyin nan a Dilimi ko Katako ba, kuma jiran su daga waje yana iya ajiye injin makonni ba ya aiki.