Shagon buga hotuna na Zango da aikin da na kai masa

Yayana ya rasu a Faransa bayan gajeriyar jinya, Allah ya jiƙansa, kuma an yi masa sutura a can yadda addini ya tanada. Shekaru da dama yana cikin wata ƙungiya ta masu dirowa daga jirgi da laima kusa da garin Gap, abin da Inna ba ta taɓa yarda ta kalla ko a hoto ba sai bayan rasuwarsa. Abokan nasa sun shirya masa dira ta ban kwana, suka aiko mana da hotuna da bidiyo, ni kuwa na kai su wani shagon buga hotuna da ke unguwar Zango a Damagaram, ba nisa da Kasuwar Dole, domin a haɗa mana albam, a kuma sa babban hoto ɗaya cikin gilashi kafin sadakar arba'in.

Abin da ya fara burge ni shi ne mai shagon ya ƙi karɓar aikin a ranar farko. Da ya buɗe hotunan a kwamfuta sai ya ce, “Malam, waɗannan ta WhatsApp suka zo, an matse su, in na faɗaɗa su za su dushe.” Ya nuna mini yadda zan roƙi a sake aiko su a matsayin takarda, ba a matsayin hoto ba, kuma da na dawo da na asalin bambancin bai ɓoyu ba. Wannan shawara tana da nauyi a irin wannan aiki, domin masu wasan suna fita daga jirgi ne a nisan kusan mita 4,000 daga ƙasa, suna faɗowa da gudun da ya kai kilomita 200 a awa, kuma abin da suke da shi kafin su ware su buɗe laima bai wuce kusan minti ɗaya ba. Mai ɗaukar hoton ma faɗowa yake tare da su, kyamara a ɗaure a hular kwanonsa, saboda haka hoton da ya fita sarai ba shi da yawa, kuma ba a iya sake shi.

Matsalar ta taso ne a kan babban hoton. A cikinsa mutanen sun riƙe hannuwan juna sun yi da'ira a sararin sama, sun bar gurbi ɗaya babu kowa, wanda shi ne wurin mamacin, kuma haka suke karrama nasu idan ya rasu. Wanda aka ƙone gawarsa sukan watsa tokarsa a iska, amma da yake sun san yayana Musulmi ne, gurbin kaɗai suka bar masa. Yaron shagon, wanda ba na ganin laifinsa sosai tun da ban yi masa bayani ba, ya ɗauka wani ne ya kasa isowa, sai ya yanke gefen hoton ya matso da mutanen har da'irar ta yi kamar cikakkiya. Da na ga abin da aka buga raina ya ɓaci, na faɗa wa maigidansa dalili. Bai yi gardama ba, bai kuma ɗora wa yaron laifi a gabana ba. Cewa ya yi, “Allah ya ba ka haƙuri, Malam, gurbin ne hoton ashe,” sannan ya sake bugawa a kan kuɗinsa.

Launi kuwa bai gamsar da ni gaba ɗaya ba. Shuɗin sama ya fita daidai a kan takarda mai sheƙi ta babban hoton, amma a shafukan albam, inda aka yi amfani da takarda mai araha, ya karkata zuwa ruwan toka. Da a wani aikin ne da ban damu ba, sai dai masu wannan wasa fatan sama shuɗiya garau suke yi wa juna, da shi kuma suke sallamar mamacinsu. Wanda zai kai hotuna masu sarari da yawa ya nemi a buga masa gwajin shafi ɗaya tukuna, ya kuma biya ƙarin kuɗin takarda mai kyau.

An yi mini alkawarin kwana 4, aikin ya kai kwana 7, saboda ɗaukewar wuta da kuma sake bugun. Na biya jika 35 na sefa, farashin da nake ganin ya dace, ko da yake ban zagaya na gwada na wasu shaguna ba. Kafintan da suke aiki da shi ya manne bayan gilashin da kyau yadda ƙurar hunturu ba za ta shiga ba, abin da duk mazaunin Damagaram ya san amfaninsa.

Hoton yana rataye yanzu a ɗakin Inna, kuma duk wadda ta shigo gaisuwa ita da kanta take nuna mata gurbin da yatsa. Littafin da yayana yake rubuta kowace dira a ciki yana hanya, abokansa sun sa hannu a shafin ƙarshe, kuma shagon nan zan kai shi a ɗaure masa bango, amma a wannan karon zan zauna kusa da yaron har a gama.