Tankin bindigar ruwa yana yoyo: gam ko liƙin wuta?

Ɗan'uwa, ka ce tankin bindigar ruwan yaronka yana ɗiga, kana tambaya ko ka shafa Super Glue ko ka liƙe shi da wuta. Kafin ka taɓa ko ɗaya, nemo inda ruwan ke fita. Zubar da ruwan, ka ɗan buga iska a ciki, ka nutsa tankin cikin bokiti. Inda ƙananan kumfa suka jero suna tasowa, nan matsalar take. Sau da yawa tankin lafiyarsa ƙalau, zoben roba mai laushi da ke bakin murfi ne ya bushe ko ya goce. In haka ne, canja shi ka huta. Kada ka shafa masa basilin, yana kumbura wasu irin roba, man silikon ya fi.

In kuwa tsagewa ce, juya tankin ka duba ko akwai 'yar alama mai kusurwa uku. In ka ga 2 ko HDPE, ko 5 ko PP, to gam ya sha kaye tun kafin a fara. Yawancin tankunan nan da waɗannan robobi ake yin su, masu santsi kamar an shafa musu kakin zuma, gam ba ya kama jikinsu. Super Glue zai bushe cikin daƙiƙu, ya yi ƙyalli, ka ɗauka an gama. Da tankin ya ɗan kumbura sai ya ɓanɓare, domin shi ba ya lanƙwasa. Efoksi, wato gam ɗin da ake haɗa kashi biyu, ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, musamman in ka goge wurin da samfefa ka bar shi awa 24, amma a kan PP shi ma zaman aro yake yi. Inda gam ke da amfani shi ne gangar jikin bindigar, wadda galibi robar ABS ce mai tauri.

Liƙin wuta ba ya dogara da mannewa, robar ce da kanta ake narkarwa ta haɗe. HDPE na narkewa a wajen digiri 130, PP kuma a wajen 160, don haka ƙarfen da ake narka dalma da shi ya isa har ya yi yawa. Ka fara huda ɗan mitsitsin rami a kowane ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba da tafiya. Sai ka bi ta da bakin ƙarfen a hankali, kana narka wani siririn yanki na roba irin ta tankin a kai, har ya cike ramukan. Irin ta tankin fa, domin PP da HDPE ba sa haɗuwa da kyau. Aibinsa shi ne bangon tankin siriri ne, in hannunka ya daɗe wuri ɗaya sai ka huda shi. Ka gwada a kan tsohuwar jarka tukuna, kuma a waje, hayaƙin ba na shaƙa ba ne.

Ni dai wuta zan zaɓa, amma ya danganta da irin bindigar. In tankin ajiyar ruwa kawai yake yi, famfo na zuƙa daga cikinsa, ko gam ɗin silikon da aka shafa ta waje zai iya kai ka ƙarshen lokacin zafi. Amma irin tsarin bindigar ruwa ta Super Soaker ta farko, wadda injiniya Lonnie Johnson ya ƙirƙiro ta shiga kasuwa a 1990, a cikin tankin ake matse iskar, kuma kowane bugu yana buɗa tsagar. A irin wannan, in tsagar ta yi tsawo ko ta bi ta wuyan tankin, nemi wani tankin kawai. In ƙarama ce ka liƙe, to ka cika shi da ruwa, ka buga da kanka har famfon ya yi tauri, fuskarka nesa, kafin ka miƙa wa yaro.