Kwana shida a jere, ko huɗu da hutu a tsakani?

'Yar uwa, kin ce za ku je Orlando ta Amurka a watan Agusta, ke da maigida da yara uku: mai shekara 4, mai 8 da mai 12. Kwana takwas za ku yi, har da ranar sauka da ranar tashi. Shi yana so a cike shidan da suka rage tsaf, huɗu a wuraren wasan Disney, biyu a na Universal, tunda an riga an zuba kuɗin jirgi. Ke kuwa kina ganin huɗu sun isa, a bar biyu a huta. Kika ce a raba muku gardama.

Ina bayanki, amma hujjar maigida ba ta banza ba ce, don haka da ita zan fara.

Filin Walt Disney World ya kai kusan murabba'in kilomita 100, kuma manyan wuraren wasa huɗu ne a ciki, kowanne da ƙofarsa: Magic Kingdom da aka buɗe a 1971, EPCOT a 1982, Hollywood Studios a 1989, sai Animal Kingdom a 1998. Universal kamfani ne daban, da nasa guda uku: Universal Studios, Islands of Adventure, da Epic Universe da ya fara aiki a watan Mayun 2025. Ban ma sa wuraren wasan ruwa a lissafi ba. Duk wanda ya ga wannan jeri dole ransa ya biya, musamman mutumin da ya san ba kowace shekara zai kawo iyalinsa ba. Ga kuma yadda aka tsara tikitin: ranar farko ce mai tsada, idan kwanakin suka yi yawa sai kuɗin kowace rana ya riƙa sauka, har ƙarin rana ta biyar ko ta shida ya zama ɗan kaɗan in aka gwada shi da na farko. Wannan duk gaskiya ne.

Sai dai ki lura, ko a tsarinsa na kwana shida sai an bar wuri ɗaya ba a shiga ba, don bakwai ne. Ashe babu mai gamawa a cikinku. Gardamar taku a kan abin da za a bari ce kawai.

Sauƙin tikitin nan kuma yana da iyaka. A cikin kamfani ɗaya yake aiki. Kwana huɗu a Disney da biyu a Universal tikiti biyu ne daban, ranar da kuka ƙetara Universal kun koma kan farashi mai tsada na ranakun farko. Sannan akwai kuɗaɗen da ba sa sauka ko kwana goma za ku yi: abincin mutum biyar a cikin filin, kuɗin ajiye mota na kowace rana, da kuɗin tsallake layi, wanda Disney ke kira Lightning Lane, Universal kuma Express, ana biyansa a kan kowane mutum. Babban ɗanku ma a wurin Disney babba ne, domin tikitin yara daga shekara 3 zuwa 9 ne, daga 10 ana biyan kuɗin manya. Cike kwanaki don tikiti ya yi araha kamar sayen buhu ne don ya fi mudu sauƙi, alhali mudun ne cikinka zai ɗauka.

Amma ba kuɗi ne ya sa na bi bayanki ba. Autarku ce.

Ga yadda safiya take a Magic Kingdom in da mota kuka zo. Wurin ajiye motoci ba a bakin ƙofa yake ba, tafki ne tsakaninku da ita. Za ki sauke yara, ki buɗe keken tura yarinya, a ɗora jakar ruwa, ku taka ko ku hau motar da ke kwasar mutane, a bincike ku, sannan ku shiga jirgin ruwa ko jirgin nan mai tafiya a kan dogo ɗaya, kafin ku ga inda ake duba tikiti. Layi ya fi gajarta a sa'a ta farko bayan buɗewa, saboda haka kowa sammako yake yi, kuma in kin yi sammako za ki tarar wani a tafe ya kwana: waɗanda suka sauka a otal-otal ɗin Disney ana barinsu su shiga minti 30 kafin kowa. Wato an tashi yarinyar nan tun duku-duku. Wasan wutar da ake harbawa sama, wanda shi ne abin da yara suka fi ɗoki, sai dare ya yi. Bayansa dubban mutane ne za su fito lokaci guda su nufi jirgin da kuka shigo a ciki. Kafin a kai gado dare ya raba, gobe kuma a sake. Ba abin mamaki ba ne ki duba wayarki ki ga kin taka kilomita 10 ko fiye a wuni ɗaya, banda tsayuwar layi, wadda ta fi tafiyar cin ƙafa.

Rana ɗaya ta irin wannan daɗi ce. Biyu a jere ana jurewa. A ta uku ne abin ke fitowa fili, kuma ba ya fitowa da safe, sai wajen ƙarfe uku na rana. Za ki ga yarinya ta zauna a ƙasa a tsakiyar layi ta ce ba ta ƙara ko taku ɗaya, ta cire takalmi ɗaya ta riƙe, ba yunwa take ji ba, ba kuma abin da za ki saya mata ta yi shiru. Na tsakiyan ya tsokani babban, babban ya ɓata rai don an hana shi abin da yake so, uban yana duba agogo yana tuna abin da ya biya. A tsarin kwana shida, daga nan sauran kwana uku.

Ki haɗa da Agusta. Zafin Orlando a watan yana kai wa digiri 33 a ma'aunin Salshiyas, da gumi mai maƙale wa jiki, kuma kusan kullum da yamma hadari ke haɗuwa. Da an ga walƙiya a kusa sai a tsayar da duk lilon da ke waje har ta wuce. Watan yana cikin lokacin guguwa ma, wanda ke kamawa daga 1 ga Yuni zuwa ƙarshen Nuwamba. Mai kwana biyu a hannu, in rana ta ɓaci yana da inda zai mayar da ita. Wanda ya cike shida ba shi da shi.

Wani abin da maigida bai sa a lissafinsa ba, ina jin, shi ne tsawo. Manyan lilon ba shekaru suke tambaya ba, sanda ce a bakin layi, yaro ya tsaya a jikinta. In kansa bai taɓa ba, ma'aikaciyar za ta yi murmushi ta ce a'a, ba roƙo, ba ɗage dugadugi. A Disney, Seven Dwarfs Mine Train na buƙatar santimita 97, Space Mountain da Expedition Everest 112, TRON 122. A Islands of Adventure, VelociCoaster 130 ne, Incredible Hulk kuma 137. Yawancin 'yan shekara 4 ba su wuce santimita 100 da 'yan kai ba, ɗan shekara 8 kuma sau da yawa yana nan kusa da 130, ko ya haura da ƙyar ko ya gaza da yatsa biyu. To ki duba: kwana biyun Universal, abin da ya fi jan mutane a can babbanku ne da babansa za su more shi. Ba wai babu na ƙanana ba ne, akwai, amma ke za ki biya tikiti cikakke ki wuni kina neman inuwa da auta. Kamfanonin biyu suna da tsarin musaya, ɗaya cikin iyaye ya hau, ya sauko ya karɓi yaro, ɗayan ya hau ba tare da sake bin dogon layi ba. Yana taimakawa, sai dai bai rage wa yarinyar zaman jira ba.

Ki auna su ukun a jikin bango da takalman da za su sa, tun kafin a sayi komai. Wannan awon kaɗai zai iya kashe rabin gardamar.

Yanzu naki tsarin. Tikitin Disney na kwana huɗu ba ya tilasta a yi su a jere, ana ba ku kwana bakwai ku yi amfani da shi daga ranar farko. Kwana biyu a filin, ɗaya hutu, biyu a filin, ɗaya hutu. In ni ce, Magic Kingdom zan ba kwana biyu, domin nan ne abin da 'yar shekara 4 za ta iya hawa ya fi yawa, kuma kwana ɗaya ba ya isarsa: ɗaya a yi sammako a fita kafin la'asar, ɗaya a shiga da yamma a tsaya wasan wuta, a sa shi daren da hutu ke biye da shi. Animal Kingdom kwana ɗaya, a fara da motar da ke zagaya da mutane cikin raƙuman dawa da giwaye tun da sanyin safiya, ga shi kuma yawanci yana riga sauran rufewa. Na huɗun ku zaɓa tsakanin Hollywood Studios da EPCOT. Yaran maza za su fi son na farko. EPCOT yana da kyau, da rumfunan ƙasashe 11 kewaye da tafki, amma zagayen nan kaɗai kusan kilomita 2 ne a cikin rana, kuma manya sun fi jin daɗinsa.

Ranar hutu ba ranar asara ba ce, ko da yake na san haka maigida zai kalle ta. A bar yara su yi barci har su tashi da kansu, a wanke kaya, su shiga ruwan ninƙaya na otal. Kada ki yi mamaki in bayan kun koma ruwan nan ne auta ta fi ba da labarinsa. In zaman ya ishe ku, Kennedy Space Center, inda ake harba kumbo, tafiyar kamar awa ɗaya ce a mota ta gabas, amma ki sani shi ma wuni ne guda, ba hutu ba ne na gaske.

Ga inda za ku iya haɗuwa a tsakiya, kuma shi na fi so. A ɗaya daga cikin ranakun hutun, maigida ya ɗauki babban, da na tsakiyan in tsawonsa ya kai, su tafi Islands of Adventure su kaɗai. Tikiti biyu ko uku maimakon biyar, ba keken turawa, ba mai jira. Za su hau a wuni ɗaya abin da ku biyar ba za ku hau a kwana biyu ba. Mutane na jin nauyin raba iyali a tafiya, kamar an yi laifi. Ni ban ga laifin ba.

Akwai yanayin da zan ce maigida ne da gaskiya. Da a ce ƙaramin cikinsu ya kai shekara 10, da a ce a ƙarshen Janairu ko Fabrairu za ku je lokacin da gari ya yi sanyi, to kwana shida ba komai ba ne. Haka nan in kun sauka a otal ɗin da ke cikin filin Disney kuma kun tsaya a kamfani ɗaya, tikitin kwana shida na iya fin na huɗu daɗi, da sharaɗin rabin wuni za a riƙa yi: a shiga da safe, a koma ɗaki da azahar, wanda ke da sauran ƙarfi ya dawo da dare. A nan ƙarin kwanakin sauƙi suke sayo muku, babu mai gudu don a ci kuɗin tikiti. Amma fa sai mutum ya iya juya baya ya fita da rana tsaka alhali ya biya, kuma ba kowane maigida ke iyawa ba. Ke kika san naki.

Wata 'yar uwa ta ce su kwana biyu suka yi a Disney suka ga komai. Ina jin Disneyland Paris take nufi, ko ta Kalifoniya. Can wuraren wasa biyu ne kawai, ƙofofinsu kusa da juna, ana takawa da ƙafa, na Faransa ma tashar jirgin ƙasa na nan bakin ƙofa. Kwana biyu zuwa uku sun isa a can. Kada ki ɗauki lissafinta ki kai Orlando.

Wajen saye, ki gaya wa maigida wannan: tikitin Disney ba a mayar da kuɗinsa in an gaji an fasa rana, amma ana iya ƙara masa kwana matuƙar ba a gama amfani da shi ba, a manhajarsu ko a tagar tikiti, ku biya bambancin. Ku sayi huɗu. In daren rana ta huɗu ya gabato kuka ga auta na tsalle, ƙafar kowa lafiya, sai ya je ya ƙara ta biyar kafin ku fita.