Wikipedia da masu musun kisan kiyashin Yahudawa: tauraro uku na ba ta, ga dalilina

Bari in fara da yabo kafin a ce na zo da ƙiyayya. Wikipedia kyauta ce, ba talla, ba ta cin data sosai, tun 2001 take nan, kuma kusan duk abin da ka nema a Google ita ke fara fitowa. Ni ma kullum ina cikinta. Amma idan kana son gane ingancin irin wannan kundi da kowa ke iya sa hannu ya gyara, kar ka gwada shi da shafin ƙwallo ko sunayen koguna, je ka inda ake rigima. A tarihin Turai kuwa babu inda rigima ta kai maganar Holokost zafi, wato kisan kiyashin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa kimanin miliyan 6 a Yaƙin Duniya na Biyu.

Dokar gidan ita ce kar marubuci ya ɗauki ɓangare. To masu musun kisan da wannan dokar suke fakewa, sai mutum ya shigo shafin tattaunawa, inda masu gyara ke muhawara kan abin da za a rubuta, yana kumfar baki wai ai kun ce ba son kai, don me ba za a sa namu ra'ayin ba, a bar mai karatu ya zaɓa mana. A nan kam na jinjina wa editocin Wikipedia ta Turanci, don amsarsu ɗaya ce, rashin ɗaukar ɓangare ba ya nufin a raba fili biyu daidai tsakanin abin da masana tarihi suka tabbatar da abin da wasu tsiraru suke yaɗawa, kowane ra'ayi nauyinsa a wajen masana shi ne nauyinsa a shafi. Duba shafin David Irving ka gani. Wannan Baturen Ingila shi da kansa ya kai masaniyar tarihi Deborah Lipstadt da kamfanin buga littattafai na Penguin kotu a Landan saboda ta kira shi mai musun Holokost, a 2000 alƙali Charles Gray ya yanke hukunci cewa lallai haka yake kuma da gangan yake murɗe hujjoji, a 2006 ma Ostiriya ta ɗaure shi. Magoya bayansa sun sha zuwa neman a sassauta kalaman shafin, ba a kula su ba. Wanda ya zo kai tsaye ya rubuta cewa ƙarya ne ba a kashe kowa ba, kafin ya ajiye wayarsa an goge, in ya maimaita a toshe akawun ɗinsa.

Matsalar tana wajen mai haƙuri, wanda ba ya musu a fili, sai dai ya ɗan matsar da lamba, ya canza kalma ɗaya, ya liƙa madogara a ƙasa, ya koma gefe ya yi shiru. Shi fa wannan Wikipedia ba ta iya da shi da sauri.

Misalin da ya fi ba ni takaici shi ne na sansanin Warso, babban birnin Poland. Sansanin gaskiya ne, Jamusawa sun kafa shi a 1943 a kan kufan unguwar Yahudawa da suka rushe, aka kwaso fursunoni, yawancinsu Yahudawa, suna kwashe ɓaraguzai, kuma masana suna sa waɗanda suka mutu a ciki tsakanin 4,000 da 20,000. Amma tun 2004 shafin Turanci yake cewa wai akwai ɗakin gas a cikin wata hanyar ƙarƙashin ƙasa kusa da tashar jirgin ƙasa ta yammacin birnin, inda aka kashe 'yan Poland wajen 200,000 waɗanda ba Yahudawa ba. Wata alƙaliya Maria Trzcińska ce ta yayata labarin, masana tarihi na Poland ɗin kansu sun ce babu hujja, amma haka ya zauna a shafi shekara 15 cur, ya bazu zuwa wasu shafuka da wasu harsuna, sai a 2019 aka share, jaridar Haaretz ta yi labarinsa. Shekara 15 fa! Yaron da aka haifa ranar da aka saka ƙaryar ya kusa gama sakandare kafin a cire ta. Kuma kar a fahimce ni a baibai, 'yan Poland sun sha azaba a hannun Nazi, an kashe musu farar hula kusan miliyan 2 ban da Yahudawansu miliyan 3, ba sa buƙatar a ƙirƙiro musu ɗakin gas. Amfanin ƙaryar dai shi ne a nuna ai kowa ma an yi masa, na Yahudawa ba wani abu ne na daban ba. Abin mamaki kuma, editan da ya kai wa jaridar labarin shi kansa an kore shi daga Wikipedia a shekarar bisa zargin cin zarafin abokan rigimarsa, ka ga gidan ba waliyyi.

Na Kuroshiya ya ma fi muni, don can ba shafi ɗaya ba ne, gidan gaba ɗaya aka ƙwace. Wasu 'yan tsirarun admin (editocin da ke da ikon toshe wasu) masu tsattsauran kishin ƙasa suka riƙe Wikipedia ta harshen kusan shekara 10, suna wanke gwamnatin Ustasha, wadda ta mulki Kuroshiya lokacin yaƙin ta kuma haɗa kai da Hitler. Sansanin Jasenovac, inda aka kashe Sabiyawa da Yahudawa da 'yan ƙabilar Roma (Jipsi), inda gidan tarihin wurin ya tattara sunayen mamata sama da 83,000 ɗaya bayan ɗaya, sai aka riƙa nuna shi kamar sansanin tara mutane da aiki kawai, ana sa shakku a kan adadin. Ka gyara a mayar, ka yi magana a toshe ka, ka kai ƙara kuma wanda za ka kai wa shi ne wanda ya toshe ka, kura ce aka ba ajiyar nama. A 2013 har ministan ilimin ƙasar Željko Jovanović ya fito ya ce wa ɗalibai su guji Wikipedia ta harshensu. Duk da haka sai a 2020 aka kori jagoran tafiyar, bayan an gano yana da tarin akawun na bogi da yake zaɓen kansa da su, sannan gidauniyar Wikimedia mai kula da Wikipedia ta fitar da rahoto a 2021 ta amsa cewa e abin ya faru. Daga kukan minista zuwa ɗaukar mataki shekara 7. In kamfanin waya ne ya yi maka wannan jinkirin da tuni ka karya layin.

Wannan ya ɗan tsorata ni game da tamu ta Hausa, ba don na ga irin haka a ciki ba, sai don yanayin ɗaya ne, masu gyara kaɗan, masu sa ido kaɗan, kuma shafuka da yawa fassara ce daga Turanci, in an kwaso da kuskure babu tabbas wanda ya fassara zai dawo ranar da aka gyara na asalin.

Sashen sauraron koke-koke, in za a kira shi haka, shi ne kwamitin sasanci, 'yan sa kai ne da editoci ke zaɓa. A Fabrairun 2023 masana tarihi Jan Grabowski na Jami'ar Ottawa da Shira Klein ta Jami'ar Chapman suka wallafa doguwar maƙala suna zargin wani gungun editoci da karkatar da tarihin Yahudawan Poland, ana rage hannun 'yan ƙasa a kashe-kashen, ana kumbura adadin waɗanda suka ceci Yahudawa. Waɗanda aka zarga sun musa, sun ce maƙalar ma cike take da kurakurai. Kwamitin ya buɗe shari'a, a watan Mayu ya hana wasu kaɗan taɓa maudu'in. Sai dai kwamitin nan hali yake hukuntawa, wa ya zagi wa, wa ya yi ta mayar da gyaran wani, ba ya cewa ga wanda ya faɗi gaskiyar tarihi. To mai ladabi da lokaci da ya haddace dokoki sai ya riƙa cin galaba a kan farfesan da ya fusata ya tafi. Wannan shi ne babban aibin da na gani, kuma ban ga sun magance shi ba.

Sun dai ƙara tsaro, yanzu a wannan fannin na Poland sai akawun ɗinka ya kai kwana 30 da gyara 500 kafin ka taɓa shafi, kuma an tsaurara irin madogarar da ake karɓa, an fi son mujallun jami'a da littattafan masana. Abin da ya hana ni sauka ƙasa da tauraro uku kuwa shi ne komai a buɗe yake, maɓallin tarihi na nan a kowane shafi, za ka ga wa ya saka jimla, yaushe, wa ya cire, me suka ce wa juna, su Grabowski ma daga nan suka tono hujjojinsu. Facebook da TikTok ba za su taɓa nuna maka wannan ba. In ɗalibi ne kai kana neman shekara ko sunan wuri, shiga abinka. In kuma adadin mamata ne a shafin da ƙasashe ke faɗa a kai, danna lambar da ke gefen jimlar ka ga daga littafin wa ta fito, sannan ka leƙa shafin tattaunawa ka ga ko ana dambe a kai.